ƊAUKAR HOTO TA MADUBIN LIKITA DA ƘARAMAR KYAMARA

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A fagen kimiyya kuwa gani kaɗai bai wadatar ba, sai mutum ya iya nuna wa wani abin da ya gani, shi ma ya duba ya tabbatar. Duk malamin da ke koyar da ilmin halittu a makarantar sakandare ya san wannan matsala. Ɗalibai sun cika aji, amma madubin likita, wato na'urar nan da masana ke kira maikiroskof, bai wuce biyu ko uku ba. Kowane ɗalibi ya leƙa na ɗan lokaci ya ba na bayansa wuri. Wani ya ga ƙwayar halitta, wani ya ga kumfar iska ya ɗauka ita ce, wani kuma gashin idonsa kawai ya gani. Malam ba shi da halin sa yatsa cikin madubi ya ce ga abin da nake nufi.

Maganin wannan matsala shi ne hoto. A wannan darasi za mu duba yadda ake haɗa ƙaramar kyamarar dijital, irin wadda ake sawa a aljihu, da madubin likita. Za mu ga cewa aikin bai dogara ga tsadar kyamara ba. Ya dogara ne ga fahimtar hanyar da haske ke bi, da kuma ajiye kyamara a daidai inda ya kamata.

Taƙaitaccen tarihi

Masanan farko da suka leƙa duniyar ƙananan halittu da alƙalami suka adana abin da suka gani. A shekarar 1665 Robert Hooke na Ingila ya buga littafinsa mai suna Micrographia, cike da zane-zane, ciki har da na ƙuma da na ƙananan ɗakunan da ya gani cikin ɓawon itace. Antonie van Leeuwenhoek na garin Delft a ƙasar Holan, wanda ya fara ganin bakteriya, mai zane yake sawa ya zana masa. To, amma zane yana da aibi guda: hannu yakan zana abin da zuciya ke zato, ba lalle abin da ke nan ba.

Da aka ƙirƙiro ɗaukar hoto, nan da nan aka gwada shi a kan madubi. A Faransa, Alfred Donné da Léon Foucault sun ɗauki hotuna ta madubi, aka kwaikwaye su cikin wani kundi da ya fito a 1845. A 1877 Robert Koch na Jamus ya buga hotunan bakteriya, domin masu shakka su gani da idonsu. Daga nan har kusan ƙarshen ƙarni na 20 da fim ake aiki, sai an wanke kafin a san ko hoto ya yi kyau ko ya lalace.

A 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro wani ɗan allo mai mayar da haske ya zama lantarki, a Amurka. A 1975 Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kyamarar dijital ta farko da irin wannan allo. Ɗigo 10,000 kacal ke cikin hotonta, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda a kaset. Shekara ashirin bayan haka, a 1995, Casio QV-10 ta fito da ɗan allon kallo a jikinta, mutum yana ganin hoto tun kafin ya ɗauka. Wannan ne ya buɗe wa masu madubi ƙofa.

Kyamarorin da suka fi shahara a wannan aiki su ne Nikon Coolpix 950 ta 1999, da 990 ta 2000, da 995 ta 2001, da 4500 ta 2002. Dalilan shahararsu uku ne. Bakin gilashinsu ƙarami ne, yana da zare mai faɗin milimita 28 da ake iya ɗaura abu a kai. Gilashin ba ya leƙowa waje idan an jawo hoto, a ciki yake motsi. Sannan jikin kyamarar yana murɗuwa, ta yadda gilashi na kallon ƙasa allo kuma na kallon mai ɗauka. Har aka gano cewa wani gilashin ido na kamfanin Leitz mai suna Periplan yana da zare daidai da nasu, ana ɗaura shi kai tsaye ba tare da wani mahaɗi ba.

Yadda haske ke tafiya

Madubin likita yana da gilasai masu ƙara girma iri biyu. Akwai gilashin ƙasa, wanda ke dab da abin da ake dubawa, ana rubuta 4 ko 10 ko 40 ko 100 a jikinsa. Akwai kuma gilashin ido, wanda ake leƙawa ta cikinsa, yawanci mai ƙara girma sau 10. Gilashin ƙasa yana samar da hoto a cikin bututun madubi, gilashin ido kuma ya ƙara masa girma, ya fito da hasken ta yadda ido zai ga abin kamar yana can nesa. An yi haka ne domin ido ya duba cikin hutawa.

Kyamara kuwa ƙirarta ƙirar ido ce. Tana da gilashi mai tattara haske, da ƙofar haske mai buɗewa da tsukewa kamar baƙin ido, da allon karɓar haske a madadin tantanin bayan ido. Saboda haka idan aka janye ido aka sa kyamara a gurbinsa, aka saita ta kamar za ta ɗauki abu mai nisa, za ta ga abin da ido ke gani. Ba a cire gilashin ido, ba a kuma cire gilashin kyamara, domin na ƙaramar kyamara ma ba ya ciruwa.

To, ina wahalar take? Duk hasken da ke fitowa daga gilashin ido yana tsukewa ya ratsa ta wata 'yar da'ira da ke rataye a iska, sama kaɗan da gilashin. Ana kiran ta da'irar Ramsden, da sunan Jesse Ramsden, wani maƙerin kayan kimiyya na Ingila a ƙarni na 18. Faɗinta bai cika wuce milimita ɗaya ko biyu ba. A gilashin ido na yau da kullum tana kimanin milimita 10 daga saman gilashi, a wanda aka yi domin masu tabarau kuma takan kai kusan milimita 20.

Kowane ɗalibi na iya ganin wannan da'ira. A kunna fitilar madubi a ɗaki mai ɗan duhu, a riƙe takarda marar kauri bisa gilashin ido, a riƙa ɗaga ta ana saukarwa a hankali. Za a ga tabon haske yana tsukewa, ya kai wani wuri da ya fi ƙanƙanta da haske, sannan ya sake bajewa. Wurin nan da ya fi ƙanƙanta, nan ne da'irar. A auna nisansa da rula a rubuta.

Dokar aikin gaba ɗaya ita ce: dole ƙofar hasken kyamara ta zauna daidai kan wannan da'ira. Misalinsa kamar mai leƙe ta hudar ƙyaure ne. Idan ya manna idonsa a hudar, zai ga tsakar gida duka. Idan ya ja da baya taƙi ɗaya, sai ya ga ɗan tabon haske kewaye da duhu. Haka kyamarar da ba ta zauna daidai ba take ba da ɗan hoto a tsakiya da baƙin zobe kewaye da shi.

Daga nan za mu fahimci abin da ke ba mutane da yawa mamaki, wato ƙaramar kyamara mai araha ta fi babba dacewa da wannan aiki. Ƙofar hasken kyamara a cikin gilashinta take, ba a bakinsa ba. A ƙaramar kyamara mai jawo hoto sau 3, ƙofar tana kusa da baki, tana iya isa da'irar. A babba mai dogon gilashi, mai jawowa sau 10 ko 20, ƙofar ta nutse can ciki, ko an manna ta da gilashin ido ba za ta isa ba, baƙin zoben kuma ba zai gushe ba.

Hanyoyin haɗawa

Hanya ta farko ita ce riƙewa da hannu. Da ita ake gwada ko kyamara za ta yi aiki. A fara daga nesa kaɗan, a nemi tabon haske a allo, a sa shi tsakiya, sannan a matso sannu a hankali har ya cika allon. Ana samun hoto ta haka, amma cikin goma da wuya biyu su yi kyau, saboda rawar hannu.

Hanya ta biyu ita ce ɗora kyamara bisa mazauni mai ƙafa uku irin na masu hoto, a sunkuyar da ita kan gilashin ido. Wannan ya fi, sai dai da zarar wani ya taɓa tebur ko ƙafar mazaunin, saiti ya ɓaci.

Hanya ta uku ita ce mahaɗi, wato abin da zai riƙe kyamara da bututun madubi wuri guda. Akwai na sayarwa, amma ana iya haɗa shi a gida. A nemi guntun bututun roba irin na masu aikin famfo wanda zai shige bisa bututun madubi ba tare da lilo ba. Idan ya yi faɗi, a naɗa takarda ko robar tayar keke a ciki. A ƙarƙashin kusan kowace kyamara akwai rami mai zare na ɗaura ta a mazauni. Mai walda ko kafinta zai iya yin ɗan ƙarfe ko katako mai kusurwa, gefe guda a ɗaure da bututun robar, ɗaya gefen a ɗaure da wannan rami da noti. A yi hudar notin doguwa, domin a iya matsar da kyamara sama ko ƙasa har ta dace da da'irar.

A kiyaye abu uku. Na ɗaya, kada nauyin kyamara ya hau kan gilashinta mai leƙowa waje, domin ɗan injin da ke tura shi ba shi da ƙarfi. Na biyu, a kunna kyamara a bar gilashin ya gama fitowa kafin a matso da ita, kada ya bugi gilashin ido ya karce shi. Na uku, a tsofaffin madubai da bututunsu ke hawa da sauka wajen saiti, nauyin kyamara na iya danna bututun ƙasa har gilashin ƙasa ya fasa silaid, wato ɗan gilashin da ake ɗora abin dubawa a kai. Ga irin waɗannan, mazauni mai ƙafa uku ya fi aminci.

Saitin kyamara

Bayan an haɗa, sai a bi waɗannan matakai:

1. A kashe fitilar walƙiya ta kyamara. Hasken da ake bukata daga ƙasan madubi yake zuwa.

2. A saita kyamara kan ɗaukar abu mai nisa, wanda yawanci alamarsa hoton tsauni ce. Daga nan duk wani saiti da ƙaramin abin murzawa na madubi za a yi shi, ana kallon allo. Ido yana gyara ƙaramin kuskuren saiti da kansa, kyamara kuwa ba ta yafewa.

3. Idan kyamara na ba da dama, a buɗe ƙofar haskenta iyakar buɗewa. Tsuke ta ba ya ƙara kaifin hoto a nan, baƙin zobe kawai yake jawowa.

4. A jawo hoto da gilashi har zoben ya fita daga allo, sannan a tsaya. Kada a yi amfani da jawowar dijital, domin ita yanka tsakiyar hoto kawai take yi ta buɗa shi.

5. A zaɓi lambar ISO mafi ƙanƙanta, domin hoto ya fita ba dusa-dusa.

6. A daidaita fari. Fitilar ƙwai tana sa hoto ya yi rawaya. A matsar da silaid zuwa inda babu komai, a nuna wa kyamara cewa wannan shi ne fari.

7. A ƙara haske da mataki ɗaya, domin kyamara takan mayar da farin fili ya zama toka-toka.

8. A yi amfani da agogon jinkiri na daƙiƙa 2 ko 10, a ɗauke hannu daga tebur. Madubin da ya ƙara girman abu sau 400 ya ƙara girman girgiza sau 400.

Game da haske kuma, idan madubi mai amfani da hasken rana ne, kada a kuskura a juya madubin ƙasa ya fuskanci rana kai tsaye. Yin haka na iya ƙona ido, ya kuma lalata allon kyamara. A fuskanci farin bango ko sararin sama. Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, don haka wasu fitilu kan sa ratsi-ratsi a hoto. Tocila mai batir, da 'yar farar takarda a gabanta don baza haske, tana maganin wannan.

Ƙura ma abokiyar gaba ce, musamman lokacin hunturu. Idan an ga tabo a hoto, a matsar da silaid. In tabon ya bi shi, a kansa yake. In bai bi ba, a juya gilashin ido. In ya juya tare da shi, an gano inda yake. In har yanzu yana nan, a duba gilashin kyamara. A fara hure ƙura kafin a goge, kuma da takardar goge gilashi, ba da gefen riga ba.

Ɗigo nawa ake bukata?

Hoton dijital ɗigo-ɗigo ne, ana kiran kowane ɗigo fiksel, miliyan ɗaya kuma megafiksel. Masu talla sukan nuna cewa yawan ɗigo shi ne kyan hoto. Bari mu gwada wannan da lissafi.

A 1873 Ernst Abbe na Jamus ya nuna cewa madubi mai aiki da haske yana da iyaka. Komai kyansa, ba zai iya rarrabe abu biyu da tazararsu ta gaza kimanin maikiromita 0.2 ba. Maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Gilashin ƙasa mai lamba 40 na madubin makaranta, wanda ake rubuta 0.65 a jikinsa, iyakarsa kimanin maikiromita 0.5 ce. Idan an rubuta 18 a gilashin ido, faɗin filin da ake gani shi ne 18 a raba da 40, wato milimita 0.45, ko maikiromita 450. Idan muka raba 450 da 0.5, za mu sami 900. Ke nan abubuwa 900 ne kawai za su iya jeruwa a rarrabe daga wannan gefe zuwa wancan. Ana bukatar aƙalla ɗigo biyu ga kowane ɗaya, wato ɗigo 1,800. Kyamara mai megafiksel 3 tana da ɗigo 2,048 a faɗinta. Ashe ta wadatar.

Wani abin lura shi ne, gilashi mai lamba 100 ɗigon da yake bukata bai kai haka ba, domin filinsa ya tsuke ƙwarai. Mai lamba 10 ne ya fi bukata, kimanin 2,700. Saboda haka kyamara ba ta iya ƙirƙiro abin da madubi bai ba ta ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Tsabtar gilashi, da sirantar abin dubawa, da kyan haske, sun fi yawan ɗigo tasiri.

Hoto a matsayin shaida

Hoton kimiyya ba na ado ba ne, shaida ne, kuma shaida tana da sharuɗɗa. Na farko shi ne ma'auni. Rubuta "sau 400" a ƙarƙashin hoto ba shi da ma'ana, domin girman hoto a allon kyamara daban, a takarda daban, a bango daban. Abin da ake yi shi ne a zana ɗan layi a cikin hoton a rubuta tsawonsa na gaskiya.

Ga yadda ake samunsa. A ɗauki hoton rular roba mai haske da gilashi mai lamba 4. A ce milimita ɗaya ta ci ɗigo 600. Idan aka koma gilashi mai lamba 40 ba tare da an taɓa jawowar kyamara ba, milimita ɗaya za ta ci ɗigo 6,000, wato ɗigo 6 ga kowace maikiromita. Ƙwayar halittar fatar albasa da ta ci ɗigo 1,500 a tsawo, tsawonta maikiromita 250 ke nan. Da wannan ɗalibi ya tashi daga mai kallo ya zama mai awo.

Sharaɗi na biyu shi ne rubuta bayani: mene ne abin, daga ina, wace rana, da wane gilashi, da wane rini. Na uku shi ne gaskiya. An yarda a ƙara haske ga hoto gaba ɗayansa, amma ba a yarda a goge wani abu ko a ƙara wani ba. A kuma ajiye hoton asali. Na huɗu, idan samfurin na majiyyaci ne, sunansa ba ya shiga hoto. Ɗalibai kada su taɓa jini ko fitsari. Su yi aiki da fatar albasa da aka ɗiga wa aidin, da ruwan kududdufi, da garin furen masara, da zaren auduga, ko silaid da aka riga aka shirya aka rufe. Kuma ganin hoton ƙwayar zazzaɓin cizon sauro bai mai da kowa likita ba.

Daga kyamara zuwa waya

Cinikin kyamarorin dijital ya kai ƙololuwa a 2010, sannan ya faɗi warwas bayan da wayar hannu ta karɓe aikin. Amma ilmin bai tsufa ba. Gilashin waya ƙarami ne ƙwarai, ƙofar haskensa tana dab da baki, don haka yana isa da'irar Ramsden cikin sauƙi. Duk dokokin da muka lissafa suna aiki a kanta.

Haɗa waya da madubi har ya shiga aikin lafiya. A 2015, a yankin Okola na ƙasar Kamaru, an gwada jinin mutum sama da 16,000 da wani ɗan madubi da aka haɗa da waya, wanda ƙungiyar Daniel Fletcher ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta ƙera. Yana ƙirga 'ya'yan wata tsutsa mai suna Loa loa ta hanyar motsinsu cikin ɗigon jini. Wanda tsutsar ta yi yawa a jininsa, maganin makantar da ƙudan rafi ke yaɗawa na iya yi masa mummunar illa. Da aka ware waɗannan 'yan kaɗan, sai aka ba sauran jama'a magani cikin kwanciyar hankali.

Kammalawa

Mun ga cewa madubi domin ido aka yi shi, kyamara kuma ido ce ta ƙarfe, abin da ake bukata kawai a zaunar da ƙofar haskenta kan 'yar da'irar da haske ke ratsawa, a hana ta motsi, a ba ta haske mai kyau. Makarantar da ke da madubi ɗaya da tsohuwar kyamara ɗaya na iya nuna wa aji guda abu ɗaya a lokaci ɗaya, musamman da yake yawancin irin waɗannan kyamarori ana iya jona su da talabijin. Tana kuma iya tara kundin hotunan ƙananan halittun yankinta, wanda ɗaliban baɗi za su gada su ƙara a kai.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa ƙaramar kyamara ta fi babba dacewa da gilashin ido?

2. An rubuta 20 a gilashin ido, gilashin ƙasa kuma mai lamba 10 ne. Nawa ne faɗin filin da ake gani?

3. Ku nemo da'irar Ramsden ta madubin makarantarku. Ku auna nisanta da faɗinta da gilashi mai lamba 10, sannan da mai lamba 40. Me ya sauya?

4. Ku ɗauki hoton fatar albasa, ku auna tsawon ƙwayoyin halitta goma, ku fitar da matsakaicinsu, sannan ku gwada sakamakonku da na abokanku.